An yanka min tarar gudu karon farko, abin ya tsaya min a rai

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau da ƙorafi na zo, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Shekarata 14 ina tuƙi, ba a taɓa rubuta min takardar laifi ba sai ranar Asabar ɗin nan. Mun je ɗaurin auren ɗan yayata a Kano, bayan la'asar muka kamo hanyar Kaduna, ni da maiɗakina da surukata da ƙaramar 'yarmu. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya tun da aka shimfiɗa sabuwar kwalta ya san yadda take jan ƙafa. Ba rami, ba gargada, ka taka totur kaɗan sai ka ga maleji ya haye. Ni kuma burina in wuce Jaji kafin duhu ya yi.

Mun bar Kura, mun wuce Kwanar Ɗangora da ɗan nisa, sai ga motar sintiri a gefen hanya, wani jami'i ya ɗaga min hannu. Ba zan faɗi hukumarsu ba, na san dokar gidan nan. Yaro ne matashi, da ƙyar in ya kai talatin. Ya yi sallama, ya ce, "Alhaji barka da yamma, ka san nawa kake gudu?" Na ce ban wuce 110 ba. Sai ya juyo min da wata na'ura da ke hannunsa mai kama da babbar tocila, ga lamba ɓaro-ɓaro: 134.

Ya ce in ba shi lasin. Ni kuma na yi abin da kowa ke yi, na naɗe dubu biyu na cusa a bayan lasin ɗin na miƙa. Ya duba, ya zare kuɗin, ya miƙo min ta taga ya ce, "Alhaji ka manta kuɗinka a ciki." A gaban surukata fa! Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Hajiya ba ta ce da ni komai ba, sai ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ni dai tun daga Kura nake jan carbi."

Ya rubuta takarda, ya riƙe lasin, ya ce in na biya in zo da shaida in karɓa. Mun yi wajen minti arba'in a tsaye. A cikin minti arba'in ɗin nan wani ayarin manyan jif-jif ya wuce da jiniya, lambobinsu a rufe da baƙar leda, gudun da suke ya fi nawa nesa ba kusa ba, ba wanda ya ko ɗaga musu yatsa. Motocin haya ƙirar Sharon kuwa sun fi biyar da suka wuce kamar an harbo su.

To tambayata biyu ce. Wannan adalci ne? Sannan in je in biya ne, ko in nemi wanda ya san wani a karɓo min lasin ɗina?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Alhaji kai ma dai, dubu biyu a wannan marrar? Ai raini ne. Da ka sa biyar da yanzu wani labarin muke ji.

Baban Ummi:
Ɗan Kurmi ba na jin kuɗin ne suka yi masa kaɗan. Ko kallonsu bai tsaya yi ba.

Lauyan Unguwa:
Baban Ummi, Allah ya ƙara tsarewa. Bari in fara da tambaya ta biyu don ita ce mai sauƙi: je ka biya. Kar ka kira kowa. Wanda za ka kira ɗin sai ka yi masa godiya da abin da ya fi tarar, ga bashin alfarma ya hau wuyanka.

Ban san wace hukuma ta tare ka ba, kar ma ka faɗa, amma ga abin da ƙa'idar hanya ta Najeriya ta shimfiɗa. Ƙaramar motar gida a kan babbar hanya mai tagwayen hannu, kilomita 100 a awa. A hanya mai hannu ɗaya, 80. A cikin gari, 50. Tasi da bas ba za su wuce 90 ba ko a babbar hanya, tirela da tankar mai kuwa 60. Ka ga ke nan ko 110 ɗin da ka ce kana yi, da bakinka ka amsa laifi.

Takardar da aka ba ka ba hukunci ba ce, sanarwa ce cewa ana tuhumarka. Zaɓi biyu gare ka. Ka biya, magana ta mutu. Ko ka ce ba ka yarda ba, a je gaban alƙali, su kawo hujjarsu ka kawo taka. In kana ganin na'urar ƙarya ta yi maka, ko wata motar ta auna ba taka ba, can ne wurin faɗa, ba bakin titi ba. Kuma kuɗin tara na hukumomin tarayya ba a hannun jami'i ake ba da shi ba. Tun da aka tilasta asusun bai ɗaya na gwamnatin tarayya a 2015, a banki ake biya ko ta Remita, a ba ka rasit.

Abu na ƙarshe, kuma ka yi haƙuri: yaron nan ya yi maka sutura. A jerin laifukan Hukumar Kiyaye Haɗurra, yunƙurin ba jami'i cin hanci laifi ne mai zaman kansa, tararsa ta fi ta gudu sosai. Da ya ga dama da laifi biyu ya rubuta maka. Shi ya sa ya ce ka "manta" kuɗinka.

Direban Sharon:
Tunda an ambace mu, bari mu yi magana. Alhaji ka ce Sharon biyar sun wuce ba a tsayar da su ba. Ka san sau nawa aka tsayar da su kafin su zo inda kake? Ni Kano zuwa Abuja nake yi, shekara tara. Daga tasha zuwa Zuba, ranar da aka yi sa'a ka tsaya sau goma. Ba wanda ke tambayarka nawa kake gudu. Hannu kawai za ka fitar ta taga, kai ka san me ke ciki, shi ma ya sani. Canji nake tanada tun daga tasha, 'yan ɗari bibbiyu, a aljihun ƙofa. Akwai wanda in ka ba shi dubu har canji zai ba ka, wallahi ba wasa nake ba.

Gudun kuma ba don daɗi muke yi ba. Mai mota na jiran balas ɗinsa, mai ya yi tsada, kuɗin tasha na nan, in ba ka yi sawu ka juyo da wuri ba ranar aikin banza ka yi. Kuma fasinjan da zai zage ka in ka yi gudu, shi ne zai ce "direba yau ba ka ci abinci ba ne?" in ka tsaya a 90.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam direba, ba ku ne aka ce ku sa na'urar taƙaita gudu ba? Ina aka kwana?

Direban Sharon:
Hajiya tun 2017 aka fara kama motocin haya a kanta. Wasu sun sa, wasu takardar shaidar kawai suka mallaka. Wasu kuma an sa musu, suka je wajen mai wayarin ya cire. Ban ce ni ba.

Maman Hanif:
Baban Ummi, ni da na karanta labarinka sai na ji ina ma ƙanena ne ya haɗu da irin wannan jami'in. Ka gode wa Allah, wanda ya tare ka biro ne a hannunsa.

Bara da azumi ƙanena ya ɗauko ni daga asibiti wajen ƙarfe tara na dare. Ɗalibi ne, jakar kwamfutarsa na kujerar baya. Muka zo wani shinge, tayoyi da itace aka gindaya, mutum huɗu, biyu ko kaki babu a jikinsu sai baƙar riga da bindiga. Aka haske mu da tocila a ido. Takardu suka cika, lasin ya cika, inshora ta cika. Sai ɗaya ya hango jakar. "Me kake yi da kwamfuta?" Ya ce karatu. "Kawo wayarka, buɗe." Yaron nan hannunsa na rawa ya buɗe. Suka shiga hotunansa, suka shiga saƙonninsa na banki, har hirarsa da yarinyar da zai aura sai da suka karanta suna dariya. Da ba su ga komai ba sai suka ce askinsa na 'yan damfara ne, sai an je ofis.

Na fito ina roƙo, ina cewa yallaɓai ku dubi Allah, ƙanena ne, daga asibiti muke, ga katina. Ɗayan ya ce min, "Madam koma mota." Ƙarshenta sai da suka raka shi wajen mai POS da ke tsallake ya ciro dubu goma sha biyar. Ba takarda, ba rasit, ba sunan laifi. Har yau in ya hango tocila a titi sai ya yi shiru, ko magana ake sai ya katse.

To kai an gaya maka laifinka, an nuna maka lamba, an ba ka takarda, an mayar maka da kuɗinka. Ni ban ga abin ƙorafi ba.

Lauyan Unguwa:
Innalillahi. Maman Hanif wannan ba tara ba ce, ƙwace ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum, har da wayarsa da saƙonninsa. Kuma a farkon Oktoban 2020, ana gab da zanga-zangar EndSARS, Sufeto Janar na lokacin Mohammed Adamu da kansa ya fito ya haramta binciken wayoyi da kwamfutocin mutane a kan hanya haka kawai. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce mai bincikenka ya kasance cikin kaki ko ya nuna katin shaida, ya faɗa maka sunansa da ofishinsa da abin da yake nema. Akwai kuma sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta buɗe tun 2015. Da kun riƙe lambar motarsu da lokaci da rasit ɗin POS, da akwai abin kamawa.

Maman Hanif:
Barista, da dare, ga bindiga, wa yake ta lambar mota? Sashe na 37 ba ya zuwa shinge. Ni dai burina in ga mun isa gida da rai.

Lauyan Unguwa:
Gaskiyarki. Ban ce a tsaya ana jayayya da mai bindiga da dare ba, ni ma ba na yi. Cewa na yi in an tsira, washegari a rubuta.

Tsohon Saje:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban tanka ba. Shekara 35 na yi ina aikin ɗamara kafin in ajiye, kuma rabinsu a kan titi na yi su.

'Yata Maman Hanif, abin da aka yi muku zalunci ne, ba ni da bakin kare shi. Irin waɗannan su suka sa in na shiga taro ba na son a ce ga tsohon saje. Allah ya saka muku.

Amma ina so ku san ɗaya gefen. Mutumin da ke tsaye a shinge bai san wa ke cikin motar da ke tahowa ba. Na taɓa tsayar da wata ƙaramar mota da asuba, direban ya rage gudu kamar zai tsaya, da na matso sai ya taka ya yi kaina. Tsalle na yi na faɗa kwalbati, har yau in sanyi ya shigo gwiwar nan sai ta tuna min. Abokin aikina da muka shiga tare, a shinge aka harbe shi, ya bar 'ya'ya shida. To in kun ga fuska a murtuke, wani lokacin ba mugunta ba ce, tsoro ne. Da dare in an tsayar da ku, kunna fitilar cikin mota, rage ta gaba, sauke gilashi, yi sallama. Rabin rigima a nan take mutuwa.

Sai maganar ayarin da ya wuce, Baban Ummi. Ɗana, kana so yaron nan mai igiya ɗaya ko biyu ya shiga gaban jif ɗin da ke ɗauke da masu bindiga? In ya yi sa'a ba su take shi ba, kafin ya koma ofis waya ta riga shi isa. Sati mai zuwa sai ka ji an tura shi wani ƙauyen da ko sabis babu. Ya kama wanda zai iya kamawa ne. Laifin ba nasa ba ne, na waɗanda suka fi ƙarfin dokar ne.

Ɗan Kurmi:
Baba Saje, da girmanka, ashe dai ka yarda doka a kan talaka take aiki.

Tsohon Saje:
Na yarda mana, ina ƙarya don me? Amma Baban Ummi 134 yake yi da tsohuwa da ƙaramar yarinya a mota. Wannan ba jif ne ya sa shi ba.

Baban Ummi:
Baba na ji, kuma na gode. Bari in faɗa muku gaskiya tunda an zo nan. Kwana uku ina juya abin nan a raina. Ba tarar ce ta dame ni ba, kuɗin ba su kai na man da na sha a tafiyar ba. Ayarin ma ba yau na fara ganin irinsa ba. Abin da ya ƙona min rai mayar min da kuɗina da ya yi. Da ya karɓa, da na zage shi a zuciya, in ce ƙasar nan ta lalace, in ci gaba da tafiyata a 134, kafin Zariya na manta. A shekara 14 ɗin da na ce ba a taɓa rubuta ni ba, ba wai ban taɓa laifi ba ne. An tsayar da ni ya fi a ƙirga, kullum sai mu "fahimci juna". Shi wannan ya ƙi fahimtata, sai na ji kamar ya wulaƙanta ni.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Alhamdu lillahi, Baban Ummi ka sauƙaƙa min aiki, don dama abin da zan faɗa ke nan. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Bai ware mai bayarwa ba. Mu kuma kullum mai karɓa muke zagi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Direban Sharon:
Allah gafarta Malam, to ni fa? In ban bayar ba a sauke min fasinja a ajiye ni awa uku a rana, da mata da yara. Ni ma la'anannen ne?

Malam Na Bakin Kasuwa:
A'a, tambayarka tana da kyau. Malamai da yawa sun bambanta tsakanin wanda ya bayar don ya ci haƙƙin da ba nasa ba ko ya kauce wa hukuncin da ya cancanta, da wanda aka matsa wa, ya bayar don ya tunkuɗe zalunci ba shi da wata mafita. Na biyun zunubin yana kan mai karɓa. Ƙanen Maman Hanif a nan yake. Kai ma in takardunka sun cika, lodinka daidai, tayarka lafiya, aka tare ka don kawai a karɓa, muna fatan kana nan. Amma in ka ɗauki mutum huɗu a kujerar uku, biyu a gaba, tayar baya ta suɗe, ka miƙa ɗari biyu don a kau da kai, to kai ka san amsar, ba sai na faɗa ba.

Direban Sharon:
Malam ka taɓa hawa motata ne?

Ɗan Gwandu A Amurka:
Ina gaida mutanen gida. Ni abin da ya ba ni dariya, ladabin da ke fitar da mutum a gida shi zai iya kashe shi a nan. Shekarata ta farko a jihar Minnesota, ina sauri zan je aiki, sai na ga fitila ja da shuɗi a bayana. Na tsaya. Irin tarbiyyar gida, babba ya kira ka ba ka zauna ya tako ya same ka ba, sai na buɗe ƙofa na fito ina murmushi, har da sa hannu a aljihu zan ciro lasin. Ihun da mutumin nan ya kwatsa min, hannunsa a kan bindiga, ban taɓa jin irinsa ba. Na koma mota jikina na ɓari. Da ya fahimci baƙo ne sai ya sassauto ya yi min bayani: ka tsaya a gefen dama, ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari, kar ka ɗauko komai sai ya ce, in za ka ɗauko ka gaya masa inda yake. Ya rubuta min tarata ya tafi. Tarar ba ita ce ciwon ba, kamfanin inshora ne ya ƙara min kuɗi daga baya.

Kuma kar ku ɗauka nan aljanna ce. A nan jihar, watan Yulin 2016, ɗan sanda ya tsayar da wani baƙar fata mai suna Philando Castile kusa da birnin St. Paul. Mutumin yana da lasisin riƙe bindiga, kuma da kansa ya sanar cewa yana ɗauke da ita. Cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a kujerarsa, budurwarsa na gefe ta nuna wa duniya kai tsaye a Facebook, ƙaramar 'yarta na kujerar baya. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. A nan ba za a ce ka kawo na goro ba, kai in ka gwada ma ankwa za ka sha, amma baƙar fata in an tsayar da shi da dare, addu'ar da yake yi ita ce irin ta Maman Hanif.

Alhajin Jidda:
Mu a Saudiyya an daɗe da raba mu da wannan rigimar. Kyamarorin Saher ne a kan hanya tun wajen 2010. Ka wuce ƙa'ida, walƙiya kawai za ka gani, kafin ka isa gida saƙo ya shigo wayarka. Ba wanda za ka ce wa "yallaɓai a yi haƙuri", ba wanda za ka cusa wa kuɗi a lasin. Kyamara ba ta san Alhaji ba. Na ji Legas ma sun fara kafa irinsu, tarar gudu dubu 50. Ku ma a Arewa a sa a huta.

Ɗan Kurmi:
Kyamara lamba take ɗauka. Wanda ya rufe lambarsa da leda fa? Mu dai masu Golf za ta sake kamawa. Sannan wa zai ba ta wuta?

Ɗan Maraɗi:
Sallama gare ku. Mu nan wajenmu in jandarma ya busa usur, tsayawa kake, babu wani zancen ka san wane. Abin da zai tambaya permi, katgiris, asurans, wato lasin, takardar mota da inshora. In sun cika sau da yawa sai ya sara maka ya ce ka wuce. In ɗaya babu, to ka shirya zama. Ba na ce ba a ba da na shayi ba, ana badawa, jikka guda ko biyu ta sefa na tafiya. Amma 'yan uwanmu masu zuwa daga Katsina ta Jibiya, abin da ke ba su wahala shi ne sun saba da fara ciniki tun kafin a tambaye su takarda. Mi ya kawo ciniki in takardarka ta cika?

Nas Mai Dare:
Ni ba zan shiga maganar cin hanci ba. Shekarata 11 a sashen gaggawa na wani asibiti da ke bakin irin wannan hanyar, kuma tun da aka gyara ta, abin da nake gani da idona shi ne raunukan da ake kawo mana sun canza. Da can rami ne, mota ta faɗa, a karye hannu, a fasa goshi, mu ɗinke a tafi. Yanzu in aka ce taya ta fashe, sau da yawa ba mu ake nema ba, masu wanka ake nema.

Baban Ummi ka yi lissafi. A 134, duk daƙiƙa ɗaya motarka na cin mita 37. Kafin idonka ya ga akuya ko ɗan acaɓa ya tsallako, ƙafarka ta bar totur ta hau burki, ka riga ka shafe tsawon gidaje biyu ko uku ba ka rage komai ba. Kuma nisan da burki ke buƙata ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkawa yake: daga 100 zuwa 134 ya kusa ninki biyu. Me ka samu? A tafiyar kilomita 100, minti 15 kacal. Garuruwan kan hanyar nan kuma ba su tashi ba don an yi sabuwar kwalta, ga masu rake, ga masu tumatir, ga yara 'yan talla suna tsallakawa.

Ummi tana da bel a jikinta ranar?

Baban Ummi:
Sista, a kan cinyar kakarta take.

Nas Mai Dare:
To.

Hajiya Mai Atamfa:
Wannan "to" ɗin ta fi tarar zafi.

Ɗan Kurmi:
Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana. A kama kowa ko a bar kowa. Ranar da na ga an tsayar da mai jiniya an rubuta masa takarda, ranar zan yarda gyara ake so ba kuɗin shiga ba.

Lauyan Unguwa:
Ɗan Kurmi rabin maganarka gaskiya ce, a kama kowa. Ɗaya rabin ne ban saya ba. Ka je gaban alƙali ka ce "wane ma ya yi ba a kama shi ba" ka ga ko za a sallame ka.

Baban Ummi:
Jama'a ga yadda aka ƙare. Jiya na biya a banki, yau da safe na ɗauki hanya na koma karɓo lasin. Man da na ƙona zuwa da dawowa ya ninka tarar ban san sau nawa ba, ga aikin yini guda ya tafi. Wannan kam ina ganin da gyara, mutum ya biya a garinsu ya kamata a ce ya karɓi abinsa a garinsu.

Kafin a ba mu sai da aka zaunar da mu a benci, mu wajen goma sha biyu, yawanci direbobin haya, aka yi mana wa'azin hanya na kusan rabin awa da hotunan da ba na son in sake gani. Na leƙa ko zan ga yaron, aka ce yana kan hanya. Ban ma san me zan ce masa ba da na gan shi.

A dawowa na tsaya a 100 cif. Wallahi kowa sai da ya wuce ni, har wata tsohuwar Golf mai buhunan albasa a saman but, direban yana min fitila yana ɗaga min hannu wai lafiya? Ummi kuma uwarta ta nuna mata maleji, yanzu ko makaranta zan kai ta sai ta leƙo ta tsakanin kujeru tana karanto min lamba.

Tsohon Saje:
A mayar da ita baya a ɗaura mata bel, daga can ma za ta iya karantowa.

Direban Sharon:
Alhaji gobe da asuba ina kan hanyar. In ka ga farar Sharon ta wuce ka bayan Tashar Yari, ba ni ba ne.